Jarin ci-rani: Nijar da masu ba ta rance, daga Yulin 2023 zuwa Afrilun 2024

A kakar 2023, da aya ta fara fitowa daga Caduwa da Gazawa, sammako uku na yi a jere zuwa banki don in ciro wa kawuna kuɗin saye. Ni ke riƙe masa littafi a shagonsa na aya da riɗi a nan Maraɗi, tun da na gama karatun tattalin arziki aikin gwamnati ya ƙi samuwa. Ranar farko na tarar layi ya fito har bakin kwalta, masu kabu-kabu sun jingine babura sun shiga sahu. Sai wajen azahar na kai gaban taga. Yarinyar da ke ciki ta duba takardata, ta turo mini ita ta ƙarƙashin gilashi, ta ce akwai iyakar abin da ake ba mutum ɗaya a yini. Abin da ta ƙirga mini ko rabin ƙaramar mota ba zai cika ba. Kwana na biyu haka. Na uku aka ce kuɗi sun ƙare tun hantsi.

Na koma na iske Kawu zaune a kan buhu, carbi a hannu, yaran shago suna ɗinke bakin wasu buhunan.

"Kai, rance na aike ka nema, ko kuɗina?"

"Kuɗinka ne, Kawu."

"To, ina suka tafi?"

Na yi masa 'yan kame-kame a kan takunkumi, ya kawar da kai. Amsar da ta kamata in ba shi doguwa ce, ta bi ta Yamai da Dakar da Abijan, har ta leƙa Abuja. Ita ce na zauna in rubuta.

Jarin waje iri biyu ne, kuma mutanenmu sun fi sanin ɗaya. Akwai wanda ke zuwa ya kafa turke, kamar bututun man da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, tsawon kusan kilomita 2,000. Ko ran mai shi ya ɓaci, ba ya naɗe bututu ya saɓa a kafaɗa. Ɗayan kuwa ba ya gina komai. Takarda yake saye: ko takardar bashin gwamnati, ko hannun jarin wani kamfani. Ya ci ribarsa, in ya ga hadari ya haɗo ya sayar da takardar ya kama hanya. Ni jarin ci-rani nake kiransa, don halinsu ɗaya da ɗan ci-rani: inda ake samu yake nufa, ba ya zuwa da iyali, kuma tun ranar da ya sauka yana lissafin ranar komawa. Ƙasashe masu tasowa suna zawarcinsa saboda yana da sauri, yana cike giɓin kasafin kuɗi, yana kawo dala ko yuro a lokacin da ake nema ido rufe.

Su wa ke ba Nijar rance

In aka ce masu jarin waje, hankali kan tafi Landan ko Niyok. A lamarin Nijar ba can ba ne. Ƙasar ba ta taɓa sayar da takardar bashi ta dala ko yuro a kasuwannin Turai ba, irin wadda Kodebuwa da Senegal da Benin suke sayarwa. Kasuwarta ita ce ta ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na yammacin Afirka, wato UEMOA. Wata hukuma mai suna UMOA-Titres, da aka kafa a 2013 a Dakar, ita ke shirya wa baitulmalin kowace ƙasa ranar gwanjonta. Ana fitar da gajerun takardu na wata uku, shida ko shekara, da dogaye na shekara uku, biyar, bakwai har goma. Masu saye galibinsu bankuna ne, na gida da na Abijan, Wagadugu, Lome, Kwatano, Dakar da Bamako. Abin da ke jawo su shi ne, bayan kuɗin ruwan da takardar ke kawowa, suna iya jingina ta a babban bankin BCEAO su karɓi tsabar kuɗi su ci gaba da harka.

Ke nan baƙon Nijar maƙwabci ne, kuɗinsa da namu ɗaya. Wannan ba ƙaramar gata ba ce. Bankin Lome da ya ba Nijar miliyar guda, wato biliyan guda na sefa, ba ya kwana da fargabar canji, don sefa ya bayar, sefa za a mayar masa. Ko Baturen da ya shigo da yuro ya san a ƙa'ida sefa 655.957 ne yuro guda, jiya da yau. Rabon da a taɓa darajar sefa tun Janairun 1994, lokacin da aka raba ta biyu a dare ɗaya, abin da dattawan kasuwar Maraɗi ba su manta ba har gobe.

Wanda ya san fataucin shanu ko na goro zai gane tsarin nan da nan. Baƙo ba ya shiga kasuwa da ka. Yana sauka gidan fatoma, fatoma ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa har kuɗi su shiga aljihunsa. Ba don ya san mai sayen yake ba da bashi ba, don ya san fatoman ne. A kasuwar takardun nan BCEAO ce fatoma. Asusun baitulmalin Nijar a wurinta yake, ranar biya ta yi daga can ake cirewa a zuba wa mai takarda.

Abin da ya faru

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga watan shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, da na UEMOA suka taru a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi: a rufe iyakoki, a dakatar da hulɗar kuɗi da kasuwanci, a daskarar da asusun gwamnatin Nijar a babban banki. Mu a Maraɗi abin da muka fara gani shi ne duhu, don layin wutar da ke zuwa mana ta Katsina aka yanke, sai kuma manyan motoci da suka yi cirko-cirko tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Abin da ba mu gani ba ya fi nisa. An soke gwanjon takardun da Nijar ta shirya, aka rufe mata kasuwar baki ɗaya.

A nan akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Gwamnatocin yankin, kusan dukansu, da sabon bashi suke biyan tsoho. Takardar bara ta nuna, a fitar da ta bana a biya ta. Muddin kasuwa na ci, ba mai jin komai. Ranar da aka rufe ta kuwa, duk takardar da wa'adinta ya cika sai ta faɗo a kan baitulmalin da tuni aka ɗaure masa hannu. Haka wa'adi ya yi ta cika yana wucewa, wata bayan wata. Zuwa Fabrairun 2024 abin da Nijar ta kasa biyan masu takardunta ya haura miliyar 300 na sefa. Kamfanin Moody's, mai auna wa masu jari amincin masu cin bashi, ya sauko da ƙasar daga matakin B3 zuwa Caa2 tun cikin Agustan 2023, ya ƙara saukar da ita a farkon 2024.

Mutane da yawa a garin nan sun ɗauki takunkumin a matsayin zalunci, kuma ni ma ban ga abin da mai cutar suga da ya rasa magani ya yi wa CEDEAO ba. Hujjar gwamnati ita ma a fili take: ba ƙin biya muka yi ba, hana mu aka yi. Gaskiya ne. Sai dai akawun bankin Wagadugu da ke jiran kuɗinsa ba alƙali ba ne. A littafinsa layi ɗaya ne, ranar biya ta zo, kuɗi ba su shigo ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali ma shi ne, ba mai sayen kaya ne ya gudu ba. Fatoman ne da kansa ya sa wa ɗaki kwaɗo. Kuma ba karon farko ba, don an yi wa Mali irin haka daga Janairu zuwa Yulin 2022, ita ma ta tara bashin da ba ta biya a kan kari ba.

Kuɗin Kawu a cikin wannan ƙullin suka maƙale. Bankunan gida su ma suna riƙe da takardun gwamnati da ba a biya ba. Hanyar da suke samun tsabar kuɗi daga babban banki ta ƙuntata. 'Yan kwangila ba a biya su ba balle su zuba, 'yan kasuwa kuma da suka ji ƙishin-ƙishin kowa ya ruga ya kwashe nasa. Mai ajiya ya daina kawowa, mai cira ya ƙaru. Yarinyar bayan gilashi ba ta da laifi, abin da aka ba ta take rabawa.

Darasin da ke kudu da mu

Ba sai mun je nesa neman abin kwatance ba, don motar da ta tashi daga Maraɗi da safe tana Katsina kafin azahar. Najeriya ta yi zawarcin jarin ci-rani da gaske, ta same shi, ta kore shi, ta sake kiransa, duk a cikin shekara goma sha uku.

A 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi a Babban Bankin Najeriya, aka soke dokar da ke tilasta wa baƙo ya riƙe takardar bashin gwamnati shekara guda kafin ya sayar. Wato aka ce masa, ka fita ran da ka ga dama. Abin mamaki ga wanda bai san halin baƙon ba, buɗe ƙofar fita shi ya sa aka yi ta shigowa. A Oktoban 2012 bankin JP Morgan ya sa Najeriya cikin jerin takardun ƙasashe masu tasowa da manyan asusun jari na duniya ke bi sau da ƙafa. Shiga irin wannan jeri kamar samun rumfa ne a bakin babbar hanya, ko ba ka yi talla ba za a tsaya.

Sai farashin man fetur ya faɗi a 2014. Dala ta yi ƙaranci, babban bankin, a hannun Godwin Emefiele, ya zaɓi ya kare darajar naira ta hanyar rabon dala da cokali. A Yunin 2015 ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala a hukumance. Mai jarin da ya sayar da takardarsa ya riƙe naira ya shiga layin canji, layin ba ya motsi. A Satumban shekarar JP Morgan ya sanar da cire Najeriya. An ɗan gyara a 2017 da aka buɗe wa masu jari da masu fitar da kaya tagar canji tasu, aka sake komawa gidan jiya daga 2020. Bashin dalar da babban bankin ya yi alkawari bai cika ba ya taru har wajen biliyan 7. Kamfanonin jiragen sama suka kasa fitar da kuɗin tikitinsu, har Emirates ya daina zuwa a 2022. FTSE Russell da MSCI, masu jera kasuwannin hannun jari, su ma suka fitar da Najeriya daga sahun da take.

Duk tsawon wannan lokaci takardun Najeriya ba su daina biyan riba ba, gwamnati ba ta ci bashin kowa ba. Abin da ya kori baƙo shi ne riba ce ta naira da ba ta canzuwa. Kura ce da nama a baki, an toshe mata rami.

Da Bola Tinubu ya hau, aka saki naira a Yunin 2023. Daga wajen 460 a dala guda a farashin hukuma ta zarce 700 cikin kwanaki, farkon 2024 ta haura 1,500. Sabon gwamnan banki, Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari a shekarar 2024 kaɗai, ya kuma ce an biya halastaccen bashin dalar da ya taru. 'Yan ci-rani suka dawo. Amma a duba wanda ya biya kuɗin tabarmar da aka shimfiɗa masu. Mai masana'anta a Kano da ke neman rance ya tarar ruwan ya fi ƙarfinsa. Mu kuma a nan, wani Bakano da ya daɗe yana ɗaukar aya a wurin Kawu ya zo bayan an buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, da naira cike da jakar leda. Ɗan canji ya baje ta a kan tabarma, ya ƙirga, ya danna na'urar lissafi, ya juya masa fuskarta. Mutumin ya daɗe yana kallon lambar. Buhunan da ya saba lodawa, bana rabinsu ya iya ɗauka, ya sha ruwa ya yi sallama.

Masar ma ta ɗanɗana: wajen dala biliyan 20 suka fice mata cikin 'yan watanni a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke, har ministan kuɗinta na lokacin, Mohamed Maait, ya fito ya ce sun daina dogara da irin wannan kuɗi. Ba laifin da Masar ta yi a ranar, a wata nahiya aka harba bindiga. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma ba kai ke cewa rana ta fito ba. Shi ya sa Chile, daga 1991 zuwa 1998, ta sa wa mai shigo da kuɗi sharaɗin ajiye wani kaso, 20 daga baya 30 cikin ɗari, a babban banki shekara guda ba riba, don ta tace mai niyyar zama daga mai leƙe. Amma wannan dabarar mai baƙi da yawa ce. Wanda zaurensa ba kowa ba ya tsayar da mai gadi.

Komawar Nijar kasuwa

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024. Ƙarshen Afrilu Nijar ta koma gwanjo, ta tara sama da miliyar 450 a zama ɗaya. An yi ta murna da adadin a rediyo, kuma ba laifi, amma a san abin da ke cikinsa. Kaso mai yawa na kuɗin tsohon bashin da ya maƙale aka warware da shi, masu bayarwar kuma su ne dai masu bin bashin. Bankin da ke bin ka miliyar goma ba shi da hanyar karɓar kuɗinsa da ta wuce ya taimake ka ka miƙe. Ba soyayya ba ce, tilas ce. Inda ake gane ainihin ra'ayinsu shi ne farashi da wa'adi. Tun daga lokacin Nijar na biyan ruwa sama da abin da Kodebuwa ko Benin ke biya a kasuwa ɗaya da kuɗi ɗaya, kuma masu saye sun fi sakin jiki da gajerun takardu. Gajeren bashi kuwa shi ne ke dawo da kai bakin kasuwa kowane 'yan watanni, hula a hannu.

A daidai wannan lokacin Kodebuwa ta sayar da takardun dala biliyan 2.6 a kasuwar duniya a Janairun 2024, Benin ta bi baya da miliyan 750 a Fabrairu. Kuɗinmu ɗaya da su, babban bankinmu ɗaya. Abin da ya raba mu a idon mai jari bai wuce tambaya guda ba: ranar biya, akwai abin da zai shiga tsakani?

Akwai kuma wata tambayar da ke rataye. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Satumban 2023, sun fice daga CEDEAO, amma suna nan cikin UEMOA da sefa. Janar Tiani ya taɓo zancen kuɗin kai a wata hira a Fabrairun 2024. Ko mutum na goyon bayan haka ko ba ya yi, kuma akwai hujjoji masu nauyi a kan 'yancin kuɗi, ya sa kansa a matsayin wanda ake roƙo ya ba da sefa yau a biya shi bayan shekara bakwai. Zai so ya san da wane kuɗi za a biya shi. In ba a gaya masa ba, zai sa kuɗin shakkarsa a cikin farashi, baitulmali ya biya.

Inda nake ganin an bar gini

Ra'ayina, wanda ba kowa zai so ba, shi ne zancen jawo masu jari daga Turai ko Dubai su sayi takardun Nijar ya yi wuri. Baƙo ba ya shiga kasuwar da 'yan gari ba sa ci, don ran da zai tafi ɗan gari ne zai saye kayansa. Kasuwar hannun jari ta yankin, BRVM, tana Abijan tun 1998, amma in ka duba allonta sunan Nijar da za ka gani shi ne na Bank of Africa Niger. Garin nan da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, mai alhazan da suka yi suna tun zamanin gyaɗa, dukiyarsa tana cikin sito da filaye da manyan motoci da garke. Ba jahilci ba ne. Na farko, da yawansu ba sa taɓa abin da ke da kuɗin ruwa, kuma an san maganin wannan: Senegal ta fitar da sukuk, wato takardar jari ta tsarin Musulunci marar kuɗin ruwa, na miliyar 100 a 2014, Najeriya ta fitar da na naira biliyan 100 a 2017 ta zuba a hanyoyi, duk direban da ya bi Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan. Na biyu, sun ga abin da ya faru a 2023 da idonsu. Buhun da ke sito ba wanda ya daskarar da shi daga Abuja.

Bana da kaka ta zagayo na gwada Kawu. Na ce masa akwai takardar gwamnati da ake sayarwa jikka goma-goma, kuma in da za a fito da irin ta sukuk, wadda malamai suka amince da ita, ai da ya ajiye wani abu a ciki maimakon duka a buhu.

Ya ce, "Ɗana, in na wayi gari aya ta faɗi a Caduwa ina son kuɗina kafin la'asar, wa zai sayi takardar?"

Na ce sai an kira dillalin kasuwar a Yamai, shi kuma ya nemo mai so, wataƙila a Abijan.

"Kwana nawa?"

Na ce ya danganta.

Ya yi murmushi, ya miƙo mini mabuɗin sito na biyu, ya ce in je in ƙirga abin da aka sauke jiya, don direban ya ce ɗari da ashirin ne, shi kuma ɗari da sha takwas ya gani.